Gidajen da Mas'uda Ta Mayar Sifili

Duk wanda ya saba bin titin kasuwar Kazaure da safe ya san Mas'uda, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai tabarau mai kauri, da jakar kwamfuta a ƙarƙashin hijabi, tana tafe a hankali kamar wadda aka aika inda ba ta so. Masu adaidaita sun daina yi mata hon, sun san da ƙafa take zuwa aiki. In ka gaishe ta ka ce ya gajiya, ba ta cewa "ba gajiya" kamar kowa. Sai ta ce, "Tana nan," ta wuce abinta. Wasu na ɗaukar hakan girman kai, alhali baiwar Allah gaskiya kawai take faɗa.

A wani ƙauye bayan Roni aka haife ta, can tsakanin duwatsu, kuma ita ce 'yar fari a wurin mahaifiyarta Dela. Ana yaye ta aka kawo wa gwaggonta riƙo a Kazaure, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan fari a danginsu. Dela mace ce mai riƙon al'ada da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunan Mas'uda ba, ba ta zama tabarma ɗaya da ita a gaban mutane, in kuma dole ta kama ta ambace ta sai ta ce "waccan ta Kazaure". Mas'uda ta girma ta san kunyar ɗan fari ce, ba ƙiyayya ba. Amma abin bai taɓa daina yi mata ciwo ba. Shi ya sa in ta je gaida Inna Dela da hantsi take isa, kafin la'asar ta juyo. Rabon da ta kwana a gidan tun makokin mahaifinta.

Da tafireta ta fara aiki, a sakatariya, tana buga wasiƙun da ba wanda ke karantawa. Da aka kawo kwamfuta matan ofis suka ja baya suna cewa tana lalata ido, ita ta ja kujera ta zauna. Idon kuwa ya lalace, ba su yi ƙarya ba. Bayan rasuwar mijinta, 'ya'yanta biyu sun yi aure sun bar gari, ta ga aikin buga takardu na mutuwa a hannunta, tunda kowa ya iya latse-latse a wayarsa. Sai ta shiga ajin yamma na koyon rubuta manhaja, cikin sa'o'in 'ya'yanta, suna ce mata Mama suna ba ta kujerar gaba. Ba sha'awa ce ta kai ta ba, tsoron zama ba aikin yi ne. Ta fi kowa jinkirin ganewa, ta kuma fi kowa rashin mantuwa.

Yanzu tana aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai ɗaki biyu da fanka ɗaya, wadda ke raba gidan sauro kafin damina a ƙauyukan Roni da Gwiwa da Yankwashi. Shugabanta Julius ne, haifaffen Kazaure, ɗan wani ma'aikacin gwamnati da ya zo daga kudancin Kaduna tun da daɗewa ya ƙi komawa. Mutum ne mai kirki, sai dai kullum a gigice yake, waya a kunne, yana ba wani haƙuri. Bana aka ce masa babu ma'aikatan da za su bi gida-gida. Sai aka yanke a tura wa masu gidaje saƙon tes: "Mutum nawa ke kwana a gidanka? Amsa da lamba." Aikin Mas'uda shi ne ta rubuta manhajar da za ta karɓi amsoshin ta fitar da rabon kowane gida. Ta karɓi aikin da muhimmanci, domin a daminar bara zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke 'yar ƙanenta Halliru, yarinyar da ta fara tafiya kenan. Gidan Inna na cikin gidajen da za a tura wa saƙon.

Yaren kwamfutar da take rubutu da shi sunansa Rust, kuma yana da wani mai duba aiki, manhajar da ke karanta abin da mutum ya rubuta kafin ta bari ya yi aiki. Mas'uda ta sa masa suna Sarkin Ƙorafi. A gaskiya yana da basira. In ka rubuta biyar ka ajiye, ba sai ka ce masa lamba ce ba, ya sani. In ka ajiye abu a nan, can gaba ka haɗa shi da wata lamba, zai bi sawu ya gane nau'insa da kansa. Amma abin da ya shigo daga waje, irin saƙon waya, a wurinsa rubutu ne tsurarsa. Bakwai ɗin da manomi ya latsa ba lissafi ba ne tukuna, zane ne. Akwai umarni guda da ke juya rubutu ya zama wani abu, sai dai umarnin na iya juya shi ya koma cikakkiyar lamba, ko lamba mai ɗigo, ko ma e ko a'a. Sarkin Ƙorafi sai ya leƙa gaba ya ga inda za a kai abin. In bai sami alama ba, ba ya canka. Ya tsaya cak, ya cika allo da jan rubutu, ya ce a faɗa masa nau'in da ake so.

Haka ya yi mata wata ranar bazara da rana tsaka, ba wuta, fanka a tsaye, cajin kwamfuta na ja da baya, idanunta na yaji.

"Kai ma dai," ta ce da allon. "Ka ji an ce mutum nawa, me kake tsammani? Buhun gero?"

Hanya biyu take da ita. Ko ta rubuta nau'in kusa da sunan mazubin da za a zuba amsar, ko ta liƙa shi a wutsiyar umarnin kansa. Ta zaɓi ta farko don ta fi sauƙin gani ga mai raunin ido. Ta rubuta masa cikakkiyar lamba, wadda ba ta da ɗigo kuma ba ta gangarawa ƙasa da sifili, tunda ba a taɓa ganin gida mai mutum uku da rabi ba. Sai ya sake tare ta da wata: in rubutun ya ƙi juyuwa fa, me za a yi? Wannan tambaya ce ta a zauna a yi tunani. Amma kwamfuta ta fara kukan caji, kanta na sarawa, ga azahar ta yi. Ta ce a ranta, ai sai dai wanda ya latsa kuskure, kuma su nawa ne? Ta rubuta cewa in ya ƙi a sa sifili. Jan rubutu ya ɓace, ta rufe kwamfuta ta je ta yi alwala.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Bayan 'yan kwanaki amsoshi suka taru, Julius ya shigo ɗakinta ya tsaya a bayanta yana kallon allo.

"Anti Mas'uda, wai annoba aka yi a Roni ba mu ji ba?"

"Subhanallahi. Me ka gani?"

"Ga ƙauye guda nan, rabin gidajen ba kowa a ciki. Kuma sun amsa saƙon fa. Fatalwa ce ke riƙe da wayoyin?"

Ta buɗe amsoshin kamar yadda suka shigo, kafin a juya su. Tana gani ta gane. Wani ya rubuta "Alhamdulillah". Wani ya ce "Muna nan da dama". Wani ya ce "Allah ya yi albarka a gidan". Wani dattijo, da alama da ɓacin rai, ya sa an rubuta masa "Ba a ƙirga mutum". Duk Sarkin Ƙorafi ya gwada juya su lamba, sun ƙi, ya bi umarninta ya zuba musu sifili. Gidan da ke da sifili kuwa ba shi da gidan sauro ko ɗaya. Ta gangara a hankali har ta kai lambar wayar da ta haddace. Halliru ya rubuta: "Inna ta ce Allah ne ya san adadinmu." A gefensa ga sifili nan zaune.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta sani. Ba baƙuwa ba ce. Tun tana ƙarama ta san a danginsu ba a ƙirga 'ya'ya da baki, ba a ƙirga shanu a gaban mai su, don kada a jawo musu baki. Da ɗan Legas ne ya yi wannan da sai a ce bai san gari ba. Ita da aka yanke wa cibiya a ƙasar, ta zauna ta rubuta tambayar, ta kuma rubuta hukuncin wanda ya ƙi amsawa.

Julius ya ja kujera ya zauna, ya goge gumi. Ya ce motar kaya na hanya, kuma masu ba da gidajen sauron lamba suke so, ba addu'a ba.

"To mu yi haka mana, Anti. Duk wanda ya ce alhamdulillah a sa masa takwas. Ai yawanci haka gidajen suke."

"Oga, gidan Sarkin Noma na Gwiwa sun fi talatin, alhamdulillah ya ce. Akwai tsohuwar da na sani ita kaɗai ce da akuyarta, ita ma alhamdulillah ta ce. Na'ura ta ƙi yin canke, mu ne za mu yi?"

"To ya kike so in yi? Ni ma fa sama da ni akwai wasu."

Ta ce ya ba ta wuni guda. Ta zauna ta ƙera nau'i nata na kanta, mai fuska biyu: ko dai adadi, ko kuma "a koma a tambaya", tare da ainihin abin da mutumin ya rubuta. Ta rubuta ƙa'idar juya rubutu zuwa wannan nau'in, ta goge cikakkiyar lambar da ke kusa da sunan mazubin ta sa sabon. Nan da nan Sarkin Ƙorafi ya bi sawun canjin ya nuna mata duk inda ta yi lissafi da amsar kai tsaye, ya ƙi wucewa sai da ta faɗi abin da za a yi da kowace fuska. Ta gyara tana tsaki, amma a ranta ta san wannan karon ya fi ta gaskiya. Sifili ya ɓace daga allon. A madadinsa ga tulin gidaje ɗaruruwa da aka ce a koma musu, ba kuma mai komawa. An gudu ba a tsira ba.

Ranar Asabar ta hau motar Roni, daga nan ɗan acaɓa ya shiga da ita cikin duwatsu. An yi ruwan farko a daren, hanya duk taɓo, ƙugunta na amsa kowane rami. Tunaninta shi ne in ta shawo kan Inna, wataƙila ta samo lafazin da za a shawo kan sauran.

Ta tarar da Inna a bakin ɗakinta tana tsince wake. Ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta amsa tana kallon faifai, ta ɗaga murya ta ce da Tasalla, matar Halliru, "Kawo wa baƙuwa ruwa." Da aka natsa Mas'uda ta kawo maganar a hankali, ta ce ba don komai ake tambaya ba sai don a san gidan sauro nawa za a kawo.

"Mutum goro ne da za a ƙirga shi?" Inna ta ce, ba ta ɗago ba.

"Inna, lamba ce kawai. Halliru ne ma zai latsa, ba sai kin furta ba."

"Bara wata mai farar riga ta shigo gidan nan. Ta jera mini jikoki a tsakar gida tana nuna su da biro, ɗaya, biyu, uku, kamar 'yan awaki. Na ce ta bari, ta yi dariya. Damina ba ta fita ba muka binne ƙaramar." Ta ture faifan gefe. "In sai an ƙirga mini su za a ba da abin, a riƙe. Mun gode."

Mas'uda ta buɗe baki za ta ce sauro ne ya kashe yarinyar ba ƙirga ba, sai ta hango Tasalla, uwar yarinyar, tsaye a bakin madafi da kofi a hannu, ta sunkuyar da kai. Ta haɗiye maganar. Wata irin gajiya ta sauko mata, wadda ba ta hanya ba. Ta ji ta tsufa da yawa da za ta fara gardama da uwar da ko sunanta ba ta kira. Ta jingina da bango tana tunanin wannan daminar ma haka yaran za su kwana a buɗe.

Ruwan daren ya yi yoyo a ɗakuna, don haka Tasalla ta shiga fito da kayan kwanciya tana bazawa a rana, tabarmi da 'yan katifu. Inna na zaune tana bin ta da ido, irin na tsohuwar da ba abin da ke wuce ta.

"Ke Tasalla, biyar nake gani. Shimfiɗa shida ake yi a gidan nan. Ina ta ɗakin zaure? So kike ta ruɓe?"

Mas'uda ta ɗago kai. Ta dubi Inna, ta dubi tabarmin. Matar da yanzun nan ta gwammace a hana ta kaya da ta faɗi yawan jikokinta, ga ta tana ƙirga makwancinsu da ƙarfi, ko a jikinta. Tabarma ai ba ta da rai, ba mai yi mata baki. Kuma ma in an duba, gidan sauro ba a kan mutum ake ɗaura shi ba, a kan shimfiɗa ake ɗaurawa. Ta ɓoye abin a ranta, don ta san in ta nuna ta gano wani abu Inna za ta janye. Ta ci tuwon da aka kawo mata, ta yi sallama kafin la'asar kamar kullum. Inna ta ce, "A gaida mutan Kazaure," tana kallon wani wajen.

Julius bai yi musu ba. Ya ce in dai lamba za ta fito, ko tukwane za a ƙirga ya yarda. Aka sake tura saƙo ga gidajen da ke tulin nan: "Shimfiɗa nawa ake yi a gidanka? A faɗi wadda ake kwana a kanta kawai." Mas'uda ba ta taɓa nau'in da ta ƙera ba, ta bar fuskar "a koma a tambaya" a inda take, don ta daina yarda da kalmar nan ta su nawa ne. Ta dai sauya lissafin rabo, kowace shimfiɗa gidan sauro ɗaya.

Amsoshi suka fara shigowa, huɗu, tara, biyu, goma sha ɗaya. Tulin ya dinga raguwa. Bai ƙare ba, don akwai waɗanda ko me ka tambaye su alhamdulillah za su ce, waɗannan ita da Julius suka raba suna kira ɗaya bayan ɗaya har muryarta ta dushe. Ba ta yi murna ba, ba ta da ƙarfin murna. Tana dai duba lamba guda a kai a kai, tana fargabar kada Inna ta gane dabarar ta hana.

Da yamma, ana shirin tashi, amsar Halliru ta shigo. Bakwai. Na'ura ta karɓa ba ƙorafi, tunda cikakkiyar lamba ce, kuma nau'i kawai take tambaya, ba ruwanta da ko gaskiya ne. Mas'uda kuwa da kunnenta ta ji shida. Ta kira shi.

"Halliru, baƙo kuka yi? An ce fa wadda ake kwana a kai kawai. In aka zo dubawa aka ga ƙari, ni za a tuhuma."

"Wallahi Yaya ni ma shida na latsa. Inna ce ta ce in karanta mata, na karanta, ta ce in goge in sa bakwai."

"Ta wa ce ta bakwai ɗin?"

"Haka na tambaye ta. Ta yi banza da ni, sai da na sake. Sai ta ce wai, ita waccan ta Kazaure in ta zo, a tsaye za ta kwana?"

Mas'uda ta riƙe wayar a kunne har ya gaji da cewa "Yaya, kina ji na?" ya kashe. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Kuka ya zo mata, ba mai sauti ba, irin na wanda ya daɗe da yanke ƙauna da abu sai ga shi an miƙo masa ta bayan gida. Daɗi ta ji, da haushi kuma, na shekarun da ta yi tana juyowa kafin la'asar ba wanda ya ce ta zauna.

Julius ya leƙo da makullin ofis a hannu, ya gan ta, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Anti, lafiya? Wani kuskuren ne kuma?"

Ta goge ido da gefen hijabi, ta mayar da tabarau, ta dubi lambar. Ƙa'ida ta ce shimfiɗar da ake kwana a kai, kuma ita ta rubuta ƙa'idar.

"Ba kuskure. Bakwai ne." Ta rufe kwamfutar ta sa a jaka. "Ranar da mota za ta kai na Roni, a bar mini wuri a gaba. Kuma kada ka jira ni washegari, can zan kwana."